Zafi a Ƙafar Goɗiya

Gasar sukuwar kaka ta zo ƙarshe, Mai Horo bai ci ko kofi ɗaya ba. Shi da a da in dokinsa ya shiga fili, sauran masu horo sai dai su yi ta kokawar zama na biyu. Bana kuwa kullum a baya. A bayan barga har an fara cewa hannun tsoho ya mutu.

Kusan duk dawakin da ke bargarsa na Attajiri ne. Shi ma bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa don kada kashin doki ya ɓata masa takalmi, ya ce, "Baba, ba raini ba. Gobe ne babban kofi. In Rigima ba ta kawo mini shi ba, jibi motoci za su zo su kwashe dawakina."

"Za ta kawo," in ji Mai Horo. Ko kai bai ɗago ba.

Rigima jar goɗiya ce, ga cizo ga harbi, amma ita kaɗai ta rage masa mai gudun kirki. Da asubar ranar gasa ya shiga ɗakinta, ya durƙusa yadda ya saba, ya shafa ƙafafunta daga gwiwa zuwa kofato. A ta gaba ta hagu tafinsa ya tsaya. Zafi. Ba mai yawa ba, kamar goshin da zazzaɓi ke shirin kamawa. Ya danna jijiyar da yatsa, goɗiya ta janye ƙafa.

Ya daɗe a durƙushe. Maganin irin wannan ƙafa hutu ne na wata da watanni, ya sani. Ya kuma san Likita, mai duba dawakin gasa, zai zago da hantsi, kuma duk dokin da ya ji wa zafi ko ya ga yana ɗingishi, ya fita daga gasa ke nan.

Ya kori masu shara, ya ce su je su karya. Da kansa ya jawo bokiti, ya cika shi da ƙanƙara, ya tsoma ƙafar. Ta narke, ya ƙaro. Yatsunsa suka sandare, bai fasa ba. Yana yi yana lallashinta, abin da bai taɓa yi wa ɗan'adam ba. "Yau kaɗai, 'yar nan. Yau kaɗai, daga nan ki kwanta har ki gaji."

Yana goge mata ƙafa sai ga Guntu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke hau masa dawaki tun suna samari. Yanzu furfura ta fito masa, babu ƙashin da bai taɓa karyewa ba a jikinsa, amma har yau da ruwan shayi yake yini don kada sikeli ya ƙi shi.

"Yaya, wanka aka yi wa gimbiya? Ko'ina ruwa."

"Tiyo ne ya fashe."

"Lafiyarta dai ko?"

"Ta fi ka lafiya. Je ka a auna ka."

"Ni da iska ke neman ɗauka? Sai dai su ƙara mini dutse a aljihu." Ya tafi yana dariya.

Likita ya zo, ya shafa, ya ji sanyi. Aka zaga da ita a gabansa, tana taku ɗai-ɗai. Ya ce, "Baba, wannan kam ta shirya." Mai Horo ya ji har zuciyarsa tana son ta yarda. Wataƙila hannunsa ne ya yi masa ƙarya. Ba ga shi kowa na cewa ya mutu ba?

Da la'asar aka ɗaura sirdi. Kamar kullum, shi ya kama ƙafar Guntu ya cilla shi sama. Magana ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Abin da ya iya fitowa kawai, "Kada ka matsa mata a wajen shan kwana."

Guntu ya dube shi daga kan sirdi. Tun da suke, yayansa bai taɓa ce masa ya sassauta wa doki ba.

Dawaki suka yi sassarfa zuwa ƙofar tashi. Mai Horo ya riƙe ƙarfen shinge, yana addu'a a ransa, bai ma san me yake roƙo ba. Ya hango Guntu ya ja linzami, ya sassauta, ya sake ja. Sai ya ga ya ɗaga hannu, ya zare ƙafa daga likkafa, ya diro ƙasa. Likita ya rugo ya durƙusa. Sanyin ƙanƙara ya riga ya sake ta tuntuni.

Lasifika ta sanar an cire Rigima. Fili ya ɗauki ihu, wasu har da zagi. Attajiri ya tashi daga kujerarsa ya fice, bai waiwayo ba.

Washegari motoci suka zo tun kafin a ba da harawa. Mai Horo ya tsaya a tsakar barga, hannu a baya, ana fito da dawakin ɗaya bayan ɗaya. Direba ya ce, "Maigida ya ce gurguwar ka riƙe, ba ya so."

Guntu ya fito da sirdinsa a kafaɗa. Mai Horo ya tare shi.

"Ka kashe ni a gaban mutane. Kai, ƙanina."

"Ka san da zafin?"

Mai Horo ya juya ya dubi ɗakin Rigima.

"Da a kwana ta karye, ni ne a ƙasa, dawaki goma a bayana. Amma ba shi ya dame ni ba, Yaya. Na hau maka waɗanda suka fi ta lalacewa. Da ka buɗe baki ka ce, 'Guntu, ga halin da ake ciki,' wallahi da na hau ta, in mutuwa ce a mutu. Sai ka ce mini tiyo."

"To yanzu ina za ka?"

"Inda dawaki suka je. Ni ban iya komai ba sai hawa."

Ya jefa sirdin a gaban mota ta ƙarshe, ya hau kusa da direba. Mai Horo ya buɗe baki zai kira shi, sai injin ya tashi.