Doyar da Mama Ta Bari

Fartanyar Hadassah ta taɓa abu mai tauri, sai ta ajiye ta, ta ci gaba da tono da hannu. Doyar ta fito lafiyayya, ta kai tsawon hannunta, babu tabo ko ɗaya.

Kunya shida ta shuka a gefen gonarsu ta Beji, da irin da mahaifiyarta ta bari kafin ta rasu. Babu mai irin wannan doya a garin, sakwararta fara sol. Hadassah ta bi sauran kunyoyin biyar ɗaya bayan ɗaya. Duk doyoyin sun ruɓe a ƙasa. Ta zauna da guda ɗayan a cinya.

Da damina, lokacin da babanta Shekwolo ke kwance a asibiti a Minna, ta durƙusa ta yi wa Ubangiji alkawari: in ya tashe shi, doyar farko da ta tono bana ta Ubangiji ce, za ta kai coci ranar godiyar kaka. Baba ya tashi. Ga shi can ma yana korar awakin maƙwabta daga gona.

Yayanta Josiah ya zo ya tsaya a kanta. Da ta faɗa masa, sai ya ce, "Ke dai akwai wahalar da kai. Ga tawa nan jibge. Ɗauki biyu ki kai coci. Allah zai ce ba ita ba ce?"

"Ta farko na ce, Yaya."

"To yanke kan ki ajiye iri, ki kai masa sauran. Shi ai ba ya noma."

Dariya ta kuɓuce mata. Ta karɓi wuƙarsa, har ta ɗora a wuyan doyar. Kan kawai take bukata, baɗi irin Mama ya sake tsirowa. Sai ta tuna ranar asibiti. Tana kuka a ranar, kuma ba ta ce ban da kai ba. Ta miƙa masa wuƙarsa.

Ran Lahadi ta ɗauko doyar a kafaɗa, yadda mahaifiyarta ke ɗaukar kaya, ta ajiye gaban bagadi tsakanin kwandunan dawa da kajin da aka ɗaure. Bayan sujada dattawa suka raba kayan ga gwauraye. Tata ta faɗa hannun Mama Margaret, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai bayan coci.

Zuciyar Hadassah ta yi sanyi. Ta cika alkawari, doyar kuma yanzu ta Mama Margaret ce. Roƙon kan doyar a wurinta ba laifi ba ne. Amma mutane sun yi yawa, kunya ta hana ta buɗe baki.

Washegari da sassafe ta tafi gidan Mama Margaret. Ta tarar da tsohuwar a bakin murhu, tukunya na tafasa.

"Shigo, 'yata. Doyar nan ta mamanki ce, ko? Sai da na yanka na ga farinta na gane." Mama Margaret ta gyara itace. "Har kan na sa a ciki, ban bar komai ba. Kwana biyu kunu kawai nake sha. Hannun nan ba ya ɗaga taɓarya, haka zan ci ta da manja. Me ya kawo ki da safen nan?"

Hadassah ta leƙa tukunyar. Ga kan can yana juyawa cikin ruwa, ya riga ya yi laushi. Sannan ta kwance mayafinta ta ɗaura a ƙugu.

"Daka na zo yi miki, Mama. Ina turmin?"