Kyamara Don Askin Teokotai

Upokoina ta shiga kantin kayan lantarki na garin Logan da ke Ostireliya fuska a murtuke, ko sallama babu. Ɗanta Teokotai na biye da ita, gashinsa da almakashi bai taɓa taɓawa ba tun haihuwa yana reto har ƙugu. Ƙanwarta Moeroa kuwa tana can baya tana jan silifas, tana tsotsar alawar ƙanƙara.

"Yaya, don Allah saki fuskar nan," in ji Moeroa. "Kyamara muka zo saya, ba bindiga ba."

"Ke dai rufa min baki."

Ɓacin ran nata yana da dalili. Asabar mai zuwa za a yi bikin askin Teokotai a zauren coci, inda dangi za su taru, a kira kowa da sunansa ya zo ya yanke kalaba ɗaya daga kan yaron. Uban yaron, Nooroa, ba zai halarta ba. Shekarun baya ya yi faɗa a bakin wani kulob, ya ji wa wani mummunan ciwo, ya yi zaman gidan yari. Da ya fito hukuma ta sa shi a jirgi ta mayar da shi Rarotonga, tsibirinsu na asali, ta rufe masa ƙofar Ostireliya. Yana can yana noman gwaza a bayan gidan kakarsa. Upokoina ta so a kai bikin can tsibiri, amma surukinta tsoho yana fama da jiki, ba ya iya hawa jirgi, kuma ya ce sai ya ga askin jikansa kafin ya tafi. Wannan kam ta yarda da shi. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne maganar Mama Matangaro, yayar Nooroa, ranar Lahadi bayan an taso daga sujada.

"Ba za a kira sunansa ba," ta ce, tana gyara zaman hular furanninta. "Ya zubar mana da mutunci sau ɗaya, ya isa haka. Maganar hoto kuma kada ki wahalar da kanki, Papa Tutai zai ɗauka kamar kullum."

Papa Tutai, mijin Matangaro, kai jama'a! Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon bikin da ya ɗauka ya san sauran. Sai ya kafa tsohuwar kyamararsa mai kaset a kan fasto har batir ya kusa mutuwa, sannan ya juya kan teburin abinci, sannan kan matarsa. Yaron da ake bikin dominsa sai dai ka hango wani baƙin dunƙule a kan kujera. Sauti kuwa kamar ruwan sama a kan kwano. Kuma ko da hoton ya yi kyau, wa zai aika wa Nooroa? Upokoina ta rantse a ranta mijinta sai ya ga askin ɗansa sarai da idonsa, ko da kowa zai daina yi mata magana.

Mai jiran ɓangaren kyamarori wani dattijo ne mai sanƙo, an rubuta Graeme a ƙirjin rigarsa. Ya tarye su da fara'a, ya jera musu guda uku a kan gilashi. Ɗaya mai ƙaramin kaset ce, ɗaya tana ajiye hoto a cikinta, ta ukun kuma da kati take aiki. Duk ukun, in ji shi, irin na zamani ne masu fitar da hoto tas.

"Mai kaset ɗauke ta," in ji Upokoina. "Na ƙoshi da kaset."

"To wannan fa? Ba nauyi, jakar hannu ma za ta shiga. Ita mata suka fi saya."

"Ni ba ado na zo nema ba, Malam. Tana ganin gashi?"

Graeme ya shafa sanƙonsa. "A kaina dai ba za ta gani ba."

Moeroa ta tuntsire da dariya har alawar ta kusa faɗuwa. Upokoina ko gezau. Ta jawo Teokotai ta juya shi, ta baje gashin a bayansa, ta ce a gwada. Graeme ya kunna ƙaramar, ya buɗe allon gefe. Gashi ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, abin sha'awa.

"Nan ai kanti ne, fitilu kamar tsakar rana," in ji ta. "Zauren cocinmu rabin ƙwayayen sun mutu, an yi ta zaman kwamiti a kansu har yau ba a canza ba. Kai mu inda babu haske."

Mutumin ya dube ta, ya dubi yaron, ya ga abin ba wasa ba ne. Ya kwashi kyamarorin biyu ya kai su ɗakin gwajin manyan talabijin, inda aka rage haske. A nan asirin ƙaramar ya tonu. Kan Teokotai ya koma baƙin dunƙule, allon ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi.

"Ga aikin Papa Tutai nan sak," in ji Moeroa.

Aka kunna ɗayar, mai katin, wadda ta fi girman ido da nauyi. Upokoina ta karɓa da kanta, ta danna inda aka nuna mata, hoton ya matso. Sai ga gashin ɗanta sili-sili, har da ɗan jan da rana ta sa masa a bakin jela, har da tabon da ke bayan kunnensa na ranar da ya faɗo daga keke. Nooroa bai san da tabon nan ba, yana tsare aka yi shi. Idonta ya ciko, ta ƙi bari kowa ya gani.

"Saura murya," ta ce. "Moeroa, je ƙarshen kantin can ki kira suna."

"Sunan wa?"

"Kin san sunan wa."

Moeroa ta tafi can wajen firji-firji, ta dage iya ƙarfinta ta kwarara, "Nooroa!" Duk masu sayayya suka waiwayo. Wata tsohuwa mai duba tukunyar lantarki ta dafe ƙirji. Da aka mayar da hoton baya, sunan ya fito amma a cakuɗe da kiɗan kanti. Graeme ya ɗauko makirfo mai rigar soso ya maƙala a saman kyamarar, ya ce a sake. Moeroa ta sake, wannan karon har da jan ƙarshen sunan irin na kiran biki. Ya fito raɗau. Teokotai ya sunkuyar da kai don kunya, amma yana murmushi.

"Akwai abu ɗaya," in ji Graeme yana haɗa kayan a kwali. "In tana ɗauka, wata 'yar jar fitila tana kamawa a gaba. Ana iya kashe ta, don mutane sun fi sakin jiki in ba su san ana ɗaukarsu ba."

"Bar ta a kunne. Ni ba ɓarauniya ba ce. Kowa ya san ina ɗaukarsa."

Kwanakin da suka rage ta ƙare su tana koyon riƙo. Ta ɗauki kajin maƙwabta, ta ɗauki Moeroa tana barci baki buɗe, ta ɗauki ƙafarta da silin ɗaki ba adadi, har hannunta ya daina rawa.

Ranar Asabar da safe gwaggwannin yaron suka taru a falo suna raba gashin ƙanana-ƙanana, kowace kalaba a ɗaure ta da farin ƙyalle, gwargwadon mutanen da za a kira. Da suka gama suka fita loda abinci a mota. Upokoina ta zaunar da ɗanta tsakanin ƙafafunta, ta zaro gashi kaɗan daga ƙeyarsa, ta kitsa kalaba ɗaya ƙari, ta tura ta cikin wuyan riga.

"Mama, wannan ta wa ce?"

"Ta babanka."

"Gwaggo ta ce ba za a kira shi ba."

"Gwaggonka ce ta haife ka?"

Zaure ya cika maƙil. An zaunar da Teokotai a kujera mai lulluɓe da tivaevae, bargunan da mata suka yi watanni suna ɗinkawa da hannu. Makaɗa na ta zuba ganga, ƙamshin naman umu, wato gashin rami, da ɗanyen kifi mai madarar kwakwa ya cika ko'ina. Kakan yaron na gefe a keken guragu, an rufa masa bargo a gwiwa. Upokoina na fitowa da kyamara sai ga Matangaro a kanta.

"Mene ne wannan kuma? Kyamara ɗaya ce a zauren nan, ga Papa Tutai can."

"Yanzu sun zama biyu, Mama Matangaro."

"Uwar yaro ba ta yawo da na'ura a hannu kamar 'yar jarida. Wurinki yana bayan kujerarsa. Kina so a ce ba mu da tarbiyya?"

"A ce duk abin da za a ce. Ɗan matsa kaɗan, kin tare min shi."

Matangaro ta buɗe baki, ta ga jar fitilar nan na kallonta, ta mayar da bakin ta rufe, ta wuce tana ƙwafa.

Aka yi addu'a, mai kiran sunaye ya miƙe. Kaka aka fara kira, aka tura kekensa, ya yanke ta farko, zaure ya kaure da guɗa. Daga nan sai fasto, sai gwaggwanni, kawunnai, 'yan uwa na Sydney da na Auckland. Kowa ya zo ya yanke tasa, ya sumbaci yaron, ya tafi da kalabarsa. Upokoina ba ta bar komai ba. Ta ɗauki bakin almakashi yana cin gashi, ta ɗauki yadda Teokotai ke runtse ido duk sa'ad da ya ji ƙaras, ta ɗauki kunnuwansa da suka fara bayyana, fala-fala irin na ubansa. Da aka kira sunanta ta ba Moeroa riƙo, ta yanke tata, ta dawo ta karɓe abarta.

Mai kira ya ce an kammala. Wanzamin da zai daidaita askin ya matso ya sassauta wuyan rigar yaron, sai ga kalaba ɗaya ta zubo har gadon baya.

"Af, an yi mantuwa," in ji Matangaro da dariyar yaƙe. Ta ɗauki almakashi ta nufi kujerar.

"Ba mantuwa ba ce."

Muryar Upokoina ta ratsa zauren, ganguna suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Ta tako har gaban kujerar, kyamara a ido, tsoro kam tana jinsa, ba ta dai ja da baya ba.

"Ni na kitsa ta. Tana da mai ita. Mama Matangaro, in yankewa za ki yi, bismilla, amma ki fara kallon nan. Faifan wannan hoto Rarotonga za shi, ƙaninki zai zauna ya kalla. Faɗa masa da bakinki cewa yaron nan ba shi da uba, sannan ki yanke."

"Ke, Upokoina! A gaban fasto? A gaban Baba?"

"A gaban kowa. Ya yi laifi, ya yi zamansa ya gama. Hukuma ma da ta kore shi ba ta ce ya daina zama uban ɗansa ba, sai ku?"

Wasu tsofaffi suka fara kiran sunan Allah, wani kawu ya ce a fitar da ita, Moeroa ta ce wanda ya isa ya taɓa yayarta ya gani. Papa Tutai ya sauke tasa kyamarar ya kafa wa ƙasa ido. Upokoina ta juya ga mai kiran sunaye, shi kuma ya kawar da kai yana gyara furen wuyansa. To, tunda haka ne. Ta cika ƙirji da iska, ta kira da kanta, yadda ake kira, da jan murya.

"Nooroa! Uban yaro! Zo ka yanke taka!"

Tsit. Babu mai amsawa, kuma kowa ya san babu. Tsohon da ke keken guragu ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Matangaro na tsaye da almakashi a buɗe, tana kallon mahaifinta, tana kallon idon kyamara. Teokotai ya kai hannu baya a hankali ya damƙe kalabar a tafinsa. Can dai Matangaro ta ajiye almakashin a kan tebur da ƙarfi, ta yi hanyar kicin, mata uku suka mara mata baya. Upokoina ta san waɗannan sun daina gaishe ta ke nan, wataƙila har abada, kuma ko a jikinta.

"Wanzami, aske masa ko'ina, ka bar wannan," ta ce. "In an yi hutun makaranta ni zan kai shi da ita har inda uban yake. Ku kuma makaɗa, mutuwa aka yi? Ku buga mana!"

Wani saurayi ya fara taɓa gangarsa a tsorace, na kusa da shi ya kama, kiɗa ya dawo. Wanzami ya yi aikinsa, yana kewaye ƙeyar a hankali. Da ya gama, Teokotai ya shafa kansa da ya zama wani iri, ya jawo kalabar ta kan kafaɗa ya riƙe ta a gaba. Ya dubi uwarsa.

"Mama, tana ɗauka?"

"Tana ɗauka."

Ya matso da fuska dab da kyamarar, ya ɗaga kalabar sama.

"Baba, ka wasa almakashi, muna zuwa."