Faifai Mai Nauyi na Baba Ajimi

Baba Ajimi, dillalin tattasai a kasuwar Diffa, yana da faifan garmaho guda ɗaya tak da yake ji da shi. Kiɗan ganga ne na wani biki da aka ɗauka a ƙauyensu, bakin kogin Komadugu, tun yana yaro. Ba kiɗan ne ya dame shi ba. Can wajen tsakiya akwai guɗar mahaifiyarsa, Ya Kellu, kuma duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage.

Da zafin bazara ya lanƙwasa faifan, me dattijon nan zai yi? Sai ya shimfiɗa shi a rana inda ake shanya, ya danne da buhun tattasai, wai ya miƙe. Kai, Baba Ajimi! Kafin la'asar faifai ya koma kamar kwanon da mota ta taka. Kwana uku bai iya cin abincin kirki ba.

'Yarsa Bushra, mai aikin bilo, wato ofis, ta yi ta lalube a waya har ta gano an sake buga faifan a ƙasar waje, iri biyu, da siriri da mai kauri.

"Baba, sautinsu ɗaya fa," in ji ta.

"Ke, rufa min baki! Shekara arba'in ina ɗaga buhu. Abu mai kyau a hannu ake jin sa. Mai nauyin za a kawo."

Bayan wata biyu saƙo ya iso ta motar Damagaram. Sai da ya ɗora shi a sikeli, ya ga giram ɗari da tamanin, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora allura. Tsoronsa ɗaya, kada a ce masu gyara sun share guɗar.

Ganga ta tashi. Ya kasa kunne, ya taɓe baki.

"Gaskiyarki, 'yar nan. Ko ƙwayar daɗi nauyin bai ƙara ba."

Sai ga guɗar, siririya, doguwa, ta keto ta saman ganguna. Daɗi ya kama shi har hawaye, bai ma ɓoye ba.

Bushra, wadda ba ta taɓa ganin kakarta ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ta saurari tsohon faifan ba, ta dafe ƙirji.

"Baba, ai haka nake guɗa!"

"Na sani," in ji shi. "Tun kina ƙarama na sani. Mayar da allurar baya."