Rijiyar Ustaz Fanus

Ba na iya cewa "ban sani ba". Halina ke nan tun ina saurayi, kuma a wajenmu mutanen saharar Sina ba a cika ɗaukar sa aibi ba. Baƙo ya tambaye ka hanya ka ce ba ka sani ba, kamar ka hana shi shayi ne.

Ustaz Fanus tsohon malamin labarin ƙasa ne daga garin Asyut. Ya zo mini da taswira da sanda da maganin hawan jini. Shekara ashirin yana neman wuri ɗaya: ruwa mai ɗaci da Bani Isra'ila suka tarar bayan tafiyar kwana uku daga bakin teku, a zamanin Annabi Musa. Littafi yake rubutawa, kuma likita ya ce wannan ce fitarsa ta ƙarshe cikin sahara.

"Abu Id, ka san wata rijiya mai ɗaci, kwana uku a ƙafa daga teku?"

"Na sani mana."

Mai ɗacin kam na san ta. Sai dai tafiyar yini ɗaya ce, har da hutawa. Sauran kwana biyun ni na samar masa da su. Na bi da shi wannan kwari na fito ta wancan, raƙumi na biye da mu yana mini wani irin kallo. Ustaz yana ƙirga taku yana rubutawa.

A rana ta biyu ya tsaya yana haki. "Wannan dutsen kamar na san shi."

"Duwatsunmu dangi ne, Ustaz, kama suke yi."

Ya rubuta wannan ma.

Da azahar ɗin rana ta uku muka isa. Ya kurɓi ruwan, ya yamutsa fuska, ya ƙi tofarwa. Sai ya zauna a bakin rijiyar yana kuka, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na gasa mana gurasa a toka, amma ban iya ci ba.

Matata Salha ta ji labari ta ce, "Kwana uku? Gurguwar akuyata tana zuwa can ba ta kwana a hanya. Ka kusa kashe tsohon mutane don kada a ce Abu Id bai sani ba."

Bayan shekara biyu ya dawo, wannan karon a mota, da littafin a rubuce kafin a kai shi ɗab'i. Ya buɗe shafin farko ya karanta mini sunana. Wai ni ne idonsa a sahara.

Na ajiye kofin shayi. "Ustaz, zagaye na yi da kai. Yini ɗaya ce."

Ya kafa mini ido har na fara tunanin inda ya ajiye maganinsa. Sai ya fashe da dariya.

"Kai ɗan nema! Na ce na san dutsen nan." Ya share ido. "To ai ka taimake ni. Mutanen nan da tsofaffi suke tafe, da masu goyo, da awaki. Tafiyar yini ɗaya a wajenka, kwana uku ce a wajensu. Bari in gyara babin, yanzu ma ya fi ƙarfi."

Ya gyara a gabana. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Akwai saura?"

Salha tana bayan labule, na ji ta daina niƙa.

"Babu, Ustaz."

An buga littafin da hoton rijiyar a bango. 'Yarsa ta aiko mini da guda bayan rasuwarsa, ta ce da shi a hannunsa ya cika.

Rijiyar nan, babana ne ya haƙa ta a shekarar da aka haife ni. Ruwan ya fito da ɗaci, ya bar ta.