'Yar Ko-ta-kwana

Etelka na jan hannun mahaifinta, shi kuwa tsohon ya kafe a tsakiyar titin Nagymező, ya ɗaga kai yana ƙifta idanun da ba sa gane komai sai haske da inuwa.

"Wanne ne naku?" ya tambaya.

"Na ukun can, Baba. Mai jan allo."

"Da sunanki a jiki?"

"Sunan Vilma ne a jiki. Nawa da baki za a faɗa."

Titin ya cika maƙil kamar kowace Lahadi da rana. Gidajen wasa a jere, kowanne ya kafa hoton tauraronsa mai tsawon bene: nan 'yan rawa, can wani sarki da takobin katako, gaba kuma wasan barkwancin da ya shekara goma ana yi har 'yan wasan sun daina jin dariyarsa. Motocin safa sun juye tsofaffi 'yan fansho daga ƙauyuka, kowace tsohuwa da jakarta da tikitinta a hannu.

Shekara shida ke nan Etelka na aikin ko-ta-kwana a wasan waƙa na Matar Mai Fito. Aikin shi ne ka haddace duk abin da tauraruwa ke yi, taku da tari da inda take jan numfashi, ka zo kullum ka zauna a ɗaki ko Allah zai sa wani abu ya same ta. To Vilma, tauraruwar tasu, mace ce kamar da ƙarfe aka ƙera ta. Mura ta kwantar da makaɗa, ta kwantar da masu jan labule, ita ko atishawa. Wasa dubu da ɗoriya Etelka ta saurara ta 'yar lasifikar da ke bangon ɗaki, tana motsa leɓe, har gashinta ya fara furfura.

Sai yau da ƙarfe bakwai na safe waya ta yi ƙara: maƙogwaron Vilma ya toshe, ko ruwa da kyar yake wucewa. Etelka ba ta yi mata jaje ko a zuci ba. Nan take ta buga waya garinsu Karcag, mahaifinta tsoho Bertalan ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya lalubi furanni a lambu ya yanka ya naɗe a jarida, ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai. Shi ya koya mata waƙa a kicin tun tana tsayawa kan kujera kafin ta kai tebur. Ido ya tafi, amma kunnen nan har gobe yana jin faɗuwar allura.

Kujera ɗaya ta rage a gidan, can ƙarshen bene kusa da rufi. Ta zaunar da shi.

"Ka saurara da kyau, Baba. Kafin a ɗaga labule manaja zai fito ya ce yau wance ce a madadin wance. Sunana haɗe da naka zai faɗa a gaban mutum dubu."

"Je ki, je ki," ya ce yana gyara furannin a cinya. "Ni da na shekara shida ina jira, minti arba'in ne zai gagare ni?"

A ɗakin shiri Aranka mai kula da tufafi, wadda ta tsufa a gidan, ta ɗora mata hular gashin furfura, ta ɗaura ɗankwali, ta zana mata tamoji da fensir. Ana cikin haka Gedeon manaja ya turo ƙofa yana murza hannu.

"Etelka, 'yar albarka! Kai, har na tsorata, na ɗauka Vilma ce. Wata 'yar magana ce ta kawo ni."

"Ina ji, yallaɓai."

"Yau ba zan fita gaban labule ba."

Ta dube shi ta madubi. "Ban gane ba."

"Mota bakwai suka zo, kuma ba don kyan fuskata ba. In na buɗe baki na ce Vilma ba ta nan, rabinsu za su miƙe su nufi ƙofa. Da wannan gashin da wannan hodar, uwar da ta haifi Vilma ma ba za ta bambance ba. Shiru ai ba ƙarya ba ne."

"Al'adar gidan nan ce fa. Ko yaron da ke riƙe doki aka canja sai an sanar."

"Al'ada ba ta sayen kwan fitila."

"Babana yana sama, yallaɓai. Daga Karcag ya zo."

"To madalla, ai shi ya san ke ce. Me kuma ake nema?" Ya dafa kafaɗarta. "Abu ɗaya: ki yi yadda take yi sak. Muryar nan mai gurgura, dariyar nan. Kar ki kawo mana sabon salo yau. Wata mai zuwa ake sabunta takardun aiki, ba sai na tuna miki ba."

Ya fita. Aranka ta raka bayansa da tsaki.

"Ɗan banza mai kai kamar ƙwai. Tashi, juya mini baya."

Etelka ta juya, tsohuwar ta ɗaga ƙafa ta ɗan shure ta a mazaunai, yadda ake yi wa duk mai hawa dandamali karon farko don neman sa'a.

"Kar ki kuskura ki ce kin gode, sa'ar guduwa take yi."

"Me zan gode wa, Inna?"

Fitilu suka mutu, makaɗa suka fara, labule ya tashi ba wanda ya fito gabansa. Etelka ta shigo da sandar tuƙa kwale-kwale a kafaɗa, tana ɗingisa ƙafar hagu yadda Vilma ke yi, kafin ta buɗe baki gidan ya ɗauki tafi. Ta san ba ita ake tafa wa ba, amma ƙarya ne ta ce bai yi mata daɗi ba. Ta yi dariyar Vilma, suka ƙyalƙyale. Ta yi shirun Vilma na ƙirga uku, tsofaffin mata suka fara laluben hankici.

A zuci tana cewa: bari dai a zo waƙar ƙarshe. Waƙar da matar ke kiran mijinta da kogi ya ci. Ita wannan da muryarta za ta yi, siririya mai tashi sama, wadda tsoho ya sani tun a kicin. In Gedeon ya ga dama ya kore ta.

Waƙar ta zo. Haske ya tattaru a kanta, ta ɗaga fuska ta nufi ƙarshen bene, ta ja numfashi ta buɗe baki. Muryar Vilma ce ta fito. Ta sake gwadawa a baiti na biyu, ta nemi inda take ajiye tata a can sama, ta tarar wayam, maƙogwaron ya koma gurgurarsa da kansa kamar jakin da ya san hanyar gida. Tsoro ya kama ta na gaske, hawaye suka zubo suna wanke tamojin fensir. 'Yan kallo ba su taɓa ganin an yi kuka mai kyau irin wannan ba.

Gidan ya miƙe tsaye. "Vilma! Vilma!" Sau bakwai aka ɗaga labule. Aka yi ta miƙo furanni, kowane dami da 'yar takarda mai sunan Vilma. Gedeon na gefe yana ɗaga mata babban yatsa, baki har kunne.

Ta wanke fuska, ta cire gashin, ta sa tsohuwar rigar sanyinta ta fito ta ƙofar baya. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Mutane sun taru da takardu da alƙaluma suna jiran tauraruwa ta sa musu hannu.

"Baiwar Allah, ɗan matsa mana, kin tare ƙofa," in ji wata.

Ta matsa. Can jikin bango ta hango tsoho Bertalan, wani ma'aikaci ya sauko da shi ya jingine shi a wurin, furanninsa na nan a jarida sun fara langaɓewa. Yana jin takunta ya miƙo hannu ya lalubi fuskarta.

"Kin yi kuka," ya ce. "Haba 'yata, kar ki sa a ranki. Tun da na ji an ɗaga labule ba a kira sunanki ba na ce shi ke nan, Vilmar nan ta warke ta dawo. Irinsu ko a makara aka ɗauko su sai sun hau."

"Baba..."

"Bar ni in faɗi tawa. Na kasa kunne na saurare ta tun daga farko har ƙarshe, don in san wace ce wannan da ta tare miki hanya shekara shida. Wallahi ban ga abin ihu ba. Murya kamar ana jan kujera a siminti! Wayo ne kawai, ta san inda za ta yi shiru tsofaffi su yi kuka. Waƙar ƙarshen nan kuwa kashe ta ta yi. Da 'yata ce a wurin, da rufin nan sai ya ɗaga."

Etelka ta buɗe baki za ta ce ita ce ya saurara, ta dubi fuskarsa yadda yake huci saboda ita, ta rufe.

Ya tura mata furannin a ƙirji. "Riƙe, naki ne, ban ba kowa ba. Wata rana za su ji ki. Yanzu dai raka ni tasha, kuma a hanya ki ɗan rera mini waƙar nan a hankali, yadda ya kamata a yi ta, in wanke kunnena."

Ta karɓi furannin, ta saƙala hannunsa a nata suka bi ta ƙarƙashin jan allon.

"Ba yau ba, Baba," ta ce. "Mu yi sauri, jirgin ƙarfe shida da rabi ba ya jira."