Ruwa, Maido Min Nawa

A zaman makokin Tasi'u kowa da abin da yake faɗa. Samari na cewa an bar kaset an koma waya, amma waƙarsa ba ta tsufa ba. Wani tsohon makaɗinsa daga Malam Madori ya ce Tasi'u bai iya dogon baiti ba, 'yar gajeriyar magana ce zai yi ta juyawa har ta zauna wa mutum a ka. Matarsa Ummussalma kuwa cewa ta yi shi ba ya ƙirƙirar amshi, a bakin mutane yake tsinta: mai tallar kifi, mata masu faɗa a bakin famfo. Ni dai ina saurare. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu.

Amshin da ya fito da shi duniya, a bakin yayarsa Mairo ya tsince shi. Shekarar da kwalekwale ya kife da mijinta Inuwa cikin ciyawar kacalla ta wajen Guri, ta tsaya bakin kogi tana ta cewa, "Ruwa, maido min nawa." Tasi'u na tsaye bayanta. Kafin damina ta zagayo ya je Kano ya sa wa maganar fiyano, ya mai da ita waƙar saurayin da budurwarsa ta haye kogi. Aka yi ta rawa da ita. Mairo ta daina zuwa biki, ta daina shiga gidansa. Shi kuma in an yi masa magana sai ya ce ai karrama Inuwa ya yi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya yi ta aike, ita kuma sai ta ce a gaishe shi. Daga baya ya roƙe ni in je wurin Mairo, don ajinmu ɗaya da ita a makarantar manya. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, na gaya mata ƙafafunsa sun kumbura, abinci ba ya shiga. Ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ta zo.

"Zuwa kawai?"

Na ce iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Washegari bayan la'asar ta zo, muka shiga tare. Ya ce mata ta tsufa, ta ce ya nemi madubi tukuna. Sai ya shiga ba ta labarin inda waƙar ta kai, har Nijar, har Sudan. Mairo ta jawo mayafinta za ta tashi.

Mai cajin waya na bakin layi, tun da ya ji Tasi'u na kwance yake sakin waƙoƙinsa. A daidai lokacin amshin ya tsallako katanga. Ummussalma ta miƙe za ta aika a kashe, Mairo ta ce a bari. Ta zauna ta ji waƙar har ƙarshe, idonta a kan tabarma.

"Ni ba da daɗi haka na faɗe ta ba," in ji ta.

"Na sani. Ina wurin."

Ya ja numfashi da ƙyar. Mairo ta karɓi mafici daga hannun Ummussalma, ta matso kusa da kansa tana masa fifita. Ya bi maficin da ido, sannan ya dube ta.

"Yaya, kukanki na ɗauka ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."