Mai Duba na Biyu

Dakta Mijinyawa ya rufe kwamfutar da ƙarfi, ya sake buɗe ta. Maƙalar tana nan, shafi ashirin da takwas, babu sunan marubuci. Haka ƙa'idar mujallar take: a cire suna a aika wa masana biyu su duba, su ma a ɓoye nasu. In mai dubawa ya gane mai aikin, sai ya mayar nan take a nemi wani. Shi kuwa tun a shafi na biyu ya gane, yau wata uku ke nan, bai mayar ba, bai kuma rubuta komai ba.

Ta Wasilatu ce, 'yar Zangon Kumasi da suke koyarwa a kwaleji ɗaya. Ta zo Doha ko gaisuwa ba ta iya da Sifaniyanci ba. Lokacin kullen korona ta riƙa kiran matan Kolombiya da Benezuwela mazauna garin, tana tambayar yadda yaransu ke fama da karatu ta kwamfuta. Shi ya fassara mata hira biyar na farko, yana mata dariya a ransa. Ai shi ne ya yi shekara shida a Texas yana bin makarantun 'ya'yan baƙin Meziko, ya rubuta kundi mai kauri kamar bulo. Yanzu Turancin 'yan shekarar farko yake koyarwa, kundin kuma ko shi ya daina buɗewa.

Abin haushin, maƙalar ta yi kyau. Ya nemi aibu har idonsa ya yi ja, bai samu ba. Ta nuna cewa yaran ne ke fassara wa iyaye saƙon makaranta, abin da suka ga dama shi uwa ke ji, sai da kulle ya zaunar da iyaye a gefen aji sannan asiri ya tonu. Hassada ce ke cin sa, ya kuma sani.

Bayan azahar ya sauka sayen burodi. An rufe makarantu saboda gasar kofin duniya, titunan unguwarsu ta Bin Mahmud cike da mutanen Meziko, koriyar riga da malafa. Wani ya tambaye shi tashar jirgin ƙasa da gurgun Turanci, ya amsa masa da Sifaniyanci tas. Suka yi shewa, suka ɗauki hoto da shi, suka wuce. Daɗin bai kai shi bakin shago ba ya ji an ce, "Malam, ina wuni?"

Wasilatu ce, riƙe da ledar cefane. Ta rame.

"Wasila. Ya hutu?"

"Wane hutu, Malam? Shugaban sashe ya ce in babu takardar karɓa daga mujalla kafin ƙarshen Disamba, kwantiragina khalas, ya ƙare ke nan. Ka san takardar zamana da ta 'yan matana duk a kansa suke. Babbar tana ajin jarrabawa."

"Mujallar ba ta ce komai ba?"

"Mai duba na farko ya amince tun Satumba. Na biyun ne shiru, kamar an shuka dusa."

Ya juya burodin a hannunsa. "Ƙila aiki ne ya yi masa yawa."

"Haka nake ce wa kaina. Maigidana ya ce in yi masa Allah ya isa, na ce a'a, ban san halin da bawan Allah yake ciki ba." Ta ɗan murmusa. "Amma akwai labari mai daɗi. Masu taron masana na Bogota, can Kolombiya, sun ce in maƙalar ta fito, ni zan buɗe zaman farko."

Bogota. Sau huɗu yana neman gurbi a taron nan, sau huɗu ana ba shi haƙuri.

"Masha Allah," ya ce. "Allah ya sanya albarka."

"Amin, Malam. Ai tushen naka ne. A sa ni a addu'a."

Da ya hau sama bai ko cire takalmi ba, ya zauna gaban kwamfuta. In ya amince, a makon nan za ta sami takardarta, ta tafi Bogota, a riƙa tafa mata da yaren da shi ya fara fassara mata. In ya ƙi, sai ya ƙago aibu, editar mujallar kuwa ba yarinya ba ce, ga rahoton mai duba na farko a gabanta. Shi Mijinyawa bai taɓa ƙarya a aikin ilimi ba, ba kuma a kan Wasila zai fara ba.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya rubuta layi uku: a karatun ƙarshe ya fahimci ya san mai maƙalar, abokiyar aikinsa ce, har ya taɓa taimaka mata da fassara, don haka amana ba ta ba shi damar yanke hukunci ba. Ya karanta, bai ga kalmar da za a kama shi da ita ba. Ya aika.

Kafin la'asar amsa ta iso. Editar ta gode masa ƙwarai, ta ce samun masu riƙon amana irinsa sai an tona. Za su fara neman wani mai duba bayan hutun ƙarshen shekara, tana fata a ji sakamako cikin Maris.

Ya karanta sau biyu, ya tashi ya yi alwala.